Motar igiya ta unguwar Eyub a Santambul: tambayoyin mutanen gida da amsoshinsu

Tun da 'yan kasuwarmu suka karkata zuwa Santambul saro abaya da takalma da kayan yara, ga ɗalibai, ga masu zuwa ganin likita, hoton wata 'yar mota da ke reto a jikin igiya tana hawa tudu ya cika wayoyin mutane daga Ringim har Taura. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini, a majalisa, a kasuwar Gujungu, da ta waya. Wasu na masu shirin tafiya ne, wasu kuwa na dattawan da ba su da niyyar zuwa ko'ina, son sani ne kawai.

Wai mece ce ita, kuma a ina take?

Ɗan ɗaki ne na ƙarfe da gilashi, da benci biyu suna kallon juna, an rataye shi a jikin igiyar ƙarfe. Tana unguwar Eyubsultan, wato Eyub a taƙaice, ɓangaren Turai na birnin, a bakin ruwan da Turkawa ke kira Halich, wani reshen teku da ya kutsa cikin gari. Tasha biyu ce kacal, ɗaya a ƙasa kusa da masallacin Sahabi Abu Ayyub, ɗaya a kan tudun Piyer Loti. Tsakaninsu mita 384. An buɗe ta ranar 30 ga Nuwamban 2005, kamfanin Leitner na Italiya ne ya haɗa ta, hukumar Metro Istanbul ke tafiyar da ita. Ɗakunan huɗu ne, biyu-biyu suke tafiya, kowanne na ɗaukar mutum 8. A jikin allo za ka ga an rubuta Teleferik da lamba TF2, su za ka nema.

Ba taya, ba direba, to me ke jan ta?

Ka ƙaddara igiya ɗaya ce aka ɗora a kan gungumen bakin rijiya, da guga a kowane bakinta. In wannan ya nufi ƙasa, wancan na tasowa. Haka abin yake. Igiyar ta zagaye wani ƙaton wili a tashar ƙasa, ta zagaye wani a ta sama, injin lantarki na juya ta. Ɗakunan a damƙe suke da igiyar, saboda haka ba su ke gudu a kanta ba, ita ce ke tafiya da su. Yayin da biyu ke hawa, biyu na gangarowa, kuma nauyin masu gangarowa na rage wa injin aiki. A tsakiyar hanya za ku gifta juna, yara su ɗaga muku hannu. Mai kula da ita yana tasha gaban na'urarsa, shi ke rufe ƙofa ya sallame ku.

Minti nawa ake yi a sama?

Bai cika uku ba.

Haba Alhaji, a ce mutum ya bar sayayyarsa ya ratsa gari saboda minti uku?

Saboda motar kaɗai, a'a, ban ba ka shawara ba. Wanda ya ɗauka wani abin wasa ne irin na wurin shaƙatawa, da zai yi ta yawo da shi a sararin sama, zai sauko yana ƙunƙuni. Kafin ka gama gyara zama ka ciro waya, an iso. Ita abin hawa ce ta gari, da katin da ake shiga bas ake shigarta, an yi ta ne don sauƙaƙa wa mutane hawan tudu mai tsayi. Abin da ke kai mutum unguwar shi ne ziyarar Abu Ayyub. Motar ƙari ce a kan ziyarar, kuma ƙari mai daɗi: ka yi salla, ka yi sallama ga Sahabi, ka hau ka kalli birnin daga sama, ka sha shayi, ka gangaro da ƙafa. In ka tsara abin haka, rabin yini ya ishe ka, kuma ba za ka ji ka yi asarar lokacin kasuwa ba.

Da gaske Sahabin Manzon Allah ne ke kwance a wurin? Me ya kai shi Turai?

Sunansa Khalid ɗan Zaid, mutumin Madina ne daga Banu Najjar, an fi saninsa da Abu Ayyubal Ansari, Allah ya ƙara masa yarda. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarinsa. Ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Madina, kowane gida na son ya sauka a wurinsu, sai ya ce a bar taguwar ta tafi inda aka umarce ta. Ta durƙusa kusa da gidan Abu Ayyub, shi ya ɗauki kayan ya shige da su. A gidansa Annabi ya zauna wajen wata bakwai, har aka gama gina masallaci da ɗakuna. Shi ne wanda ruwa ya zube musu a bene cikin dare, shi da matarsa suka tsane shi da mayafinsu don kada ya ɗiga kan baƙonsu da ke ƙasa.

Ya halarci Badar da Uhudu. Da tsufansa, a zamanin Mu'awiya, ya bi rundunar da ta tafi Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau, lokacin tana hannun Rumawa. A can ciwo ya kama shi, wajen shekara ta 52 bayan hijira. Wasiyyarsa ita ce a kutsa da gawarsa iyakar inda runduna za ta iya kaiwa sannan a binne shi, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci birnin ranar 29 ga Mayun 1453, malaminsa Shaihu Aƙshamsuddin ya nuna wurin kabarin, aka gina hubbare da masallaci a 1458. Girgizar ƙasar 1766 ta lalata masallacin farko, wanda ake gani yanzu an kammala shi ne a 1800, zamanin Sultan Salim na Uku. Saboda girman wurin a idon Usmaniyawa, sarakunan daular Turkawa ta da, nan ake zuwa a wancan zamani a rataya wa sabon sarki takobin Usman, kakansu. Naɗin sarautarsu ke nan.

Wannan ne kuma dalilin maƙabartar da ta lulluɓe tudun. Manya da ƙanana kowa na son a binne shi kusa da Sahabi, har kaburbura suka haura gangaren gaba ɗaya. Cikin waɗanda ke kwance a unguwar akwai Shaihul Islam Abus Su'ud, malamin tafsiri, wanda ya rasu a 1574.

Daga inda muke sauka, Laleli ko Aksaray, yaya zan je?

Ka shiga tiram mai lamba T1, wato ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, wanda ya nufi Kabatash. Zai bi da kai ta Beyazit da Sultanahmet ya sauke ka Eminonu. A nan ka ɗan taka ta bakin ruwa zuwa T5, wanda ke bin gaɓar Halich. Tashar da za ka sauka sunanta Eyubsultan Teleferik, kana fita za ka hango igiyoyin. Akwai kuma jirgin ruwan haya da ke tasowa daga Uskudar, ya tsaya Karakoy da wasu ƙananan tashoshi, ya ƙare a Eyub. Ya fi jinkiri, kuma ba kowane lokaci yake tashi ba, amma wanda bai taɓa shiga jirgin ruwa ba ya gwada ko da a dawowa ne. Tasi kuwa ban cika son ta a wannan hanya ba. Cunkoso zai cinye maka lokaci, mita na ta ƙirga.

Nawa ake biya?

Da Istanbulkart ake shiga, katin da ake amfani da shi a tiram da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa. Ana sayensa a injinan da ke bakin tashoshi, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Ka ɗora shi a kan ƙofar ƙarfe, ta yi ƙara, ka tura ka wuce. Kuɗin hawa ɗaya bai wuce na abin hawan gari ba, hawa daban sauka daban. Darajar lira, kuɗin ƙasar, na yawan sauka, farashi na canzawa, don haka kada ka riƙe adadin da wani ya faɗa maka bara. Ka zuba abin da zai kai ka ya dawo da kai tun daga masauki. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce zai sayar maka da tikiti na musamman, ka ce masa Allah ya ba da sa'a ka wuce.

In igiyar ta tsinke fa? In aka ɗauke wuta muna tsakiya fa?

Igiyar ba irin wadda muka sani ba ce. Wayoyin ƙarfe ne masu yawa aka murɗe su wuri ɗaya, kuma ƙarfinta ya ninka nauyin da ake ɗora mata sau da yawa. Irin waɗannan na'urori ana yin su da birki fiye da ɗaya da injin ko-ta-kwana, wanda zai ja ɗakunan a hankali zuwa tasha in lantarki ya yanke. Babban abokin gabarta iska ce, shi ya sa in ta yi ƙarfi ake dakatar da aiki har ta lafa.

Ba zan ce maka haɗari ba ya faruwa ba. A watan Afrilun 2024, a garin Antalya na ƙasar ta Turkiyya, wani ɗaki na wata motar igiya ya daki turke ya fashe, mutum 1 ya rasu, wasu suka ji rauni, aka kwana ana sauko da mutum 174 da suka maƙale a sama. Waccan doguwa ce mai hawa dutse, ta Eyub gajeriya ce a cikin gari. Ni dai a ganina, wanda ya saba shiga motar kasuwa daga Gujungu zuwa Kano, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ga buhu a but, ba shi da hujjar tsoron wannan. Ka yi addu'ar hawa abin hawa ka zauna.

Ni da gwiwa ta hana ni hawa bene, ga jiri, zan iya?

Gwaggo, ai don irinku aka yi ta. Ɗakin tsayawa yake cak a tasha kafin a shiga, ba a guje ake faɗa masa ba, kuma matakin ba shi da tsayi. A zaune za ki tafi. Wuri ɗaya ne za ki ji ɗan girgiza, lokacin da ya wuce kan turke, sai ki ji kamar an ɗan ja ki an saki. Ki zauna a bencin da ke fuskantar tudu, ki kalli bishiyoyin gabanki, kada ki leƙa ƙasa. Abin da zai fi wahalar da ke shi ne tsayuwar layi, saboda haka a kai ki da safe. Kuma ke da motar za ki dawo, gangaren nan ki bar wa yara.

Allah ya gafarta Malam, an ce ta kan kaburbura take wucewa. Ya halatta?

Ni ɗan kasuwa ne, fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan iya bayyanawa shi ne yadda wurin yake. Hanin da muka sani a hadisi na zama a kan kabari ne, malamai kuma sun hana taka shi. Motar a sama take can nesa, ba ta taɓa komai, tsakaninku da kaburburan akwai kan bishiyoyi. Abin da ya fi damuna shi ne halin wasu masu hawa, ana ta shewa da dariya da ɗaukar bidiyo a kan bayin Allah da ke kwance. In kun shiga ku kaɗai, wani ya ja ku ku yi sallamar da aka koya mana ga ma'abota kaburbura. Minti ukun ya isa a yi ta har a ƙara da addu'a.

A hubbaren ma haka. Za ka ga al'adu iri-iri, wasu za su yi maka, wasu ba za su yi maka ba. Ka yi sallama, ka yi abin da ka karanta, ka ba na bayanka wuri. Ba gardama ta kai ka ba.

Maza da mata a haɗe ake shiga?

A haɗe. Ma'aikacin na cika ɗaki da mutum 8 bisa layi, ba ya ware kowa. In kun kai ku shida ko bakwai, iyali ɗaya ko abokan tafiya, sau da yawa za ku samu ɗaki naku. In kai da maiɗakinka ne, ka sa ta zauna a ƙarshen benci ta jikin gilashi ka zauna gefenta. Eyub unguwar masu riƙo da addini ce, hijabi da niƙabi ba baƙon abu ba ne a wurin. A masallaci mata na da sashensu, takalmi kuma kowa na zuba nasa a leda ya shiga da shi. Mutanen ƙasar Hanafawa ne, za ka ga 'yan bambance-bambance a salla, amma ko ka saki hannu ko ka kama, ba mai kallonka.

Me ake gani a saman?

Kana fita tasha za ka tarar da dandamali mai shingen ƙarfe, Halich shimfiɗe a ƙasanka, da wasu 'yan tsibirai biyu masu ciyawa a tsakiyarsa, da gadoji, can nesa kuma hasumiyoyin manyan masallatan tsohon gari. Ranar da gari ya yi garau har hasumiyar unguwar Galata da ke ɗaya gaɓar ana hangowa.

Ruwan nan da kake kallo shi ya mai da Santambul gari. Tsawonsa wajen kilomita 7 da rabi, yana da zurfi, tuddai sun kare shi daga iska, saboda haka jiragen ruwa suka samu mafaka tun zamanin da. Rumawa kan ja wata ƙatuwar sarƙa su toshe bakinsa lokacin yaƙi. A 1453 da sarƙar ta tare Muhammadul Fatih, sai ya sa aka ja jiragensa ta tudu a kan gumagumai da aka shafa wa kitse, ta bayan Galata, aka wayi gari Rumawa suka gan su a cikin ruwan. Bayan shekara biyu ya kafa maƙerar jiragen ruwa a gaɓar, wadda ta yi wa daular aiki ɗaruruwan shekaru. Daga baya masana'antu suka cika gefen ruwan suka ɓata shi har yana wari, sai daga shekarun 1980 aka fara kwashe su ana yashe laka. Yau ba za ka ga manyan jiragen kaya a ciki ba. Kwantenonin da ke ɗauko kayanmu daga tashoshin wajen gari suke tashi, irin Ambarli da ke bakin tekun Marmara.

Ga wuraren shan shayi a jere a bakin gangaren, teburansu da shimfiɗa mai ja da fari. Shayin baƙi ne, ba madara, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, da sukari ƙwaya biyu a gefen faranti. Kofin na da zafi, ta bakinsa ake kamawa. Farashin ya fi na cikin gari, kuɗin kallo ne aka haɗa maka. Ka nemi takardar farashi kafin ka zauna.

Wane ne kuma Piyer Loti da aka ba tudun Musulmi sunansa?

Wani hafsan sojan ruwan Faransa ne kuma marubuci, ya rasu a 1923. Ya zauna a birnin, yana ƙaunar Turkawa, an ce yana yawan zama shan gahawa a kan tudun. Wurin shan gahawar ya ɗauki sunansa, tudun ya bi.

Wane lokaci ya fi?

Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, a rufe 10 na dare, lokacin zafi a kai 11. Ka tuna agogonsu na gaban namu da awa biyu. Ranakun aiki da hantsi babu layi sosai. Asabar da Lahadi da yamma kuwa, sai ka yi tsayuwar da ta ninka tafiyar sau goma, domin ɗakunan huɗu ne kawai, mutum 16 ke tashi a lokaci guda. Juma'a da azumi unguwar cika take maƙil. Amma ranar hutu na da nata abin kallo: a harabar masallaci, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, za ka ga yara maza cikin fararen kaya da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu da sanda a hannu. 'Yan kaciya ne, iyaye ke kawo su ziyara kafin a yi musu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da ruwan sama, wani lokaci har ƙanƙara, ga iska a kan tudun. Rigar sanyin da kake sawa da hunturu a gida ba za ta riƙe ka ba. Ka sayi jaket a can, ka sa safa da takalmi rufaffe.

Me ya sa kake ta cewa a gangaro da ƙafa?

Domin abin da ka wuce ta kansa a guje, a nan za ka gan shi ido da ido. Hanya ce ta dutse da ta ratsa maƙabartar, minti 15 zuwa 20, ta sauke ka bayan masallaci. Duwatsun kaburburan da dogaye ne, da rubutun ajami na Usmaniyawa, wanda ya yi makarantar allo zai iya tsintar Huwal Baƙi a sama da Al-Fatiha a ƙasa. A kan dutsen namiji an sassaƙa rawani, kuma yanayin naɗin na nuna matsayin mai shi, malami ne ko ma'aikacin fada ko ɗan ɗariƙa. Na ƙarshen zamanin daular jar dara aka sassaƙa musu. Na mata furanni ne. Maguna ko'ina, ƙosassu, suna kwance a kan marmara, mutane na ajiye musu abinci da ruwa. In an yi ruwan sama duwatsun na santsi, ka bi a hankali, kuma kada ka bari magariba ta same ka a ciki.

Abinci fa?

A Eyub ba ka da damuwa, ka ci nama ka ci burodi. Ka nemi simit, wani zagayayyen burodi da aka lulluɓe da riɗi, ana sayar da shi a 'yan jajayen kekuna. Turkiyya na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, ba mamaki wanda ke maƙale maka a haƙori daga wajen Maigatari ya fito.

Babu irinta a ƙasarmu? Me zai hana a yi mana a Dutse?

Akwai ta Obudu a Jihar Kuros Riba, da aka buɗe a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, wajen kilomita 4, amma ta masu yawon buɗe ido ce. Alhazan da suka leƙa Ɗa'if sun ga ta Al-Hada. A Afirka, Aljeriya ce ta mai da ita abin hawan yau da kullum, a babban birninta da wasu garuruwa. Medelin ta Kolombiya ta fara tata a 2004, La Faz ta Bolibiya a 2014, duka don talakawan da ke zaune a kan tuddai su riƙa saukowa aiki.

Abin lura shi ne duk inda ta yi amfani, akwai jama'a masu yawa a sama da ke buƙatar sauka kullum, ga hanyar mota mai wuya. Duwatsunmu na Dutse ba unguwanni a kansu, ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babur na kai ka ko'ina. Ga buƙatar wuta mara yankewa da ma'aikatan da za su duba igiya da birki kowace safiya, shekara da shekaru. In da kuɗin a hannu, ni gadar da za ta hana damina yanke ƙauyukan bakin kogin Haɗeja zan fara nema.

In na je na tarar an rufe fa?

Yakan faru, ko don iska ko don gyara, kuma sukan liƙa sanarwa a ƙofar tasha. In ƙafarka lafiya, hanyar maƙabartar nan ita za ka bi ka hau, ka ƙara minti goma a kan na gangarowa, ka riƙa hutawa a hanya. In da tsoho a tare da kai, tasi na zagayawa ta bayan tudun ta kai ku har kusa da wurin shan shayin. Ka nuna wa direba sunan Piyer Loti a rubuce, ka tabbata ya kunna mita kafin ku tashi.